Daga rera waƙa zuwa rubuta wa wasu: rayuwar Linda Perry da abin da ya shafi mawaƙi a Legas

Tambaya: Wani matashi mazaunin Agege ya rubuto cewa a shekarun baya ya yi wata waƙar biki da ta zaga gidajen Hausawan Legas, daga baya kasuwarsa ta ja baya, yanzu kuma yana haɗa wa wasu kiɗa a ɗakinsa. Ya ji ana ambaton wata Ba'amurkiya mai suna Linda Perry a matsayin wadda ta bar rera waƙa ta koma rubuta wa wasu, har ta fi samun ɗaukaka ta haka. Yana son sanin wace ce ita, yadda aka yi ta sauya sana'a, da kuma ko irin wannan hanya tana ɓullewa a nan.

Amsa: Ƙanena, hanyar tana ɓullewa, amma tana neman abu biyu da yawancin masu sha'awarta ba sa tanada, wato kunnen da zai saurari muryar wani fiye da tasa, da kuma takardar da za ta tabbatar da cewa abin da ya ƙirƙira nasa ne. Tarihin matar da ka tambaya yana nuna duka biyun a fili, shi ya sa zan bi shi dalla-dalla kafin in dawo kan Legas.

An haifi Linda Perry ranar 15 ga Afrilu, 1965, a garin Springfield na jihar Massachusetts, ta kuma tashi a San Diego da ke Kalifoniya. A 1986 ta koma San Francisco, inda ta riƙa yin ƙananan ayyuka don ci da kai tana kuma rera waƙoƙinta da gita a ƙananan wuraren taro, har a 1989 ta shiga wata ƙungiyar mawaƙa mai suna 4 Non Blondes. Kamfanin Interscope ya ɗauke su, suka fitar da kundinsu na farko, wanda kuma shi ne na ƙarshe a wancan zamani, a 1992. A cikinsa ne aka samu waƙar What's Up?, wadda aka sake ta ita kaɗai a 1993, ta kai matsayi na 14 a jadawalin Billboard na Amurka, ta kai na 2 a Birtaniya, ta kuma hau na 1 a ƙasashen Turai da dama, ciki har da Jamus. Ko wanda bai san sunanta ba ya taɓa jin amshinta a rediyo ko a cikin mota, kuma bidiyonta a YouTube ya haura kallo biliyan 1.

Abubuwa biyu game da wannan waƙa sun fi shahararta muhimmanci ga tambayarka. Na farko, ita kaɗai ta rubuta ta, baiti da kari duka, saboda haka duk wanda ya sake rera ta, ko ya sa ta a fim, ko ya yanki wani ɓangare nata ya gina sabuwar waƙa a kai, sai kason marubuci ya isa gare ta, shekara talatin da ɗoriya bayan fitarta. Na biyu, kamar yadda ta sha ba da labari da bakinta, ba ta gamsu da yadda furodusan kundin, David Tickle, ya fara naɗar waƙar ba, domin tana ganin ya cika ta da adon da ya danne ta, don haka ta ja sauran 'yan ƙungiyar suka shiga wani situdiyo suka sake naɗa ta kusa da yadda ta fara tsara ta. Wannan naɗin ne duniya ta sani, amma ba a rubuta sunanta a matsayin furodusa ba. Ka ga ke nan tun tana kan ganiyar rera waƙa ta riga ta yi aikin furodusa, ta kuma ɗanɗana yadda ake yin aikin a rasa sunan.

Ta bar ƙungiyar a 1994, ana cikin shirin kundi na biyu. A 1996 ta fitar da nata kundin mai suna In Flight tare da furodusa Bill Bottrell, bai yi kasuwa ba, a 1999 kuma ta sake fitar da wani a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninta, shi ma bai je ko'ina ba. Masu ba da labarinta sukan tsallake waɗannan shekaru da jimla ɗaya, alhali a ganina nan ne asalin sauyin ya faru. A cikinsu ne ta riƙa tara kayan kiɗa da na'urorin naɗar sauti, tana koyon yadda kowace take aiki, tana gwada inda za a ajiye makirufo da yadda za a haɗa ganga da fiyano ba tare da ɗaya ya shaƙe ɗaya ba. Shekara bakwai ne tsakanin barin ƙungiyar da aikin da ya dawo da sunanta, kuma ba zaman jiran tsammani ta yi su ba.

A 2001 wata matashiyar mawaƙiya mai suna Pink, wadda ta taso tana son waƙoƙin 4 Non Blondes, ta samo lambar wayar Linda a littafin wani mai yi mata kwalliya, ta yi ta kiranta har ta amsa. Pink ta riga ta fitar da kundi a 2000 da ya yi kasuwa, amma tana jin cewa an ɗora mata salon da ba nata ba, shugaban kamfaninta na Arista, L.A. Reid, kuwa da farko bai so ta sauya ba, balle ta sauya da taimakon wadda ake ganin zamaninta ya wuce. A daidai lokacin Linda tana da wata waƙar rawa da ta haɗa tana koyon sababbin na'urori, kusan da wasa, wadda ta san ba ta dace da muryarta ko halinta ba. Ita ce Get the Party Started, wadda ta kai matsayi na 4 a Amurka, kundin da ta fito a ciki, Missundaztood, kuma ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a duniya. Ka lura da wannan sosai: waƙar da ta buɗe mata sabuwar ƙofa waƙa ce da ba za ta taɓa rerawa da kanta ba. Mawaƙi yana rubuta abin da zai zauna a maƙogwaronsa, marubucin waƙa kuwa yana da 'yancin rubuta abin da zai zauna a maƙogwaron wani, kuma wannan 'yanci ne yawancin tsofaffin mawaƙa ke kasa amfani da shi, domin duk abin da suka rubuta wa wani sai ka ji kamar su ne ke rera shi da aron murya.

Aikin da ya fi nuna gwanintarta shi ne waƙar Beautiful ta Christina Aguilera, wadda ta fito a 2002. Wannan karon waƙar tata ce ta zuciya, ta rubuta ta ne a kan damuwarta, ba ta kuma yi niyyar bayar da ita ba. Aguilera ta zo situdiyonta, Linda ta zauna a fiyano ta rera mata, Aguilera ta nemi a ba ta, ita kuwa ta ce sai ta ji yadda za ta fito a bakinta tukuna. Aguilera, wadda aka sani da ƙarfin murya da iya lanƙwasa ta yadda ta ga dama, ta tsaya gaban makirufo da takardar baitocin a hannu, kunya ta kama ta, ta yi raɗa tana roƙon a daina kallonta, sannan ta fara. Linda ta bar wannan raɗar a farkon waƙar, tana nan har yau ga duk mai son ya saurara, ta kuma riƙe wannan naɗi na gwaji a matsayin ginshiƙin waƙar duk da cewa Aguilera ta so a sake don ta gyara wuraren da take ganin muryarta ta yi rauni. Dalilinta shi ne waƙar tana magana ne a kan mai jin kansa a ƙasƙance, saboda haka muryar da ta yi rawa ta fi faɗin gaskiya a kan muryar da ta goge. Waƙar ta kai na 2 a Amurka da na 1 a Birtaniya, ta ciyo wa Aguilera kyautar Grammy a 2004, kuma Linda ce kaɗai marubuciyarta, ita ce kuma furodusanta.

A situdiyoyinmu, na Kano ko na nan Legas, idan aka ce mai kiɗa ana nufin wanda zai zauna gaban fiyano da kwamfuta ya buga abin da mawaƙi ya rera masa, ya ɗauki murya, ya tace, ya miƙa. Aiki ne na gaske, amma rabin abin da Linda Perry take yi ne. Sauran rabin shi ne yanke hukunci: wace waƙa ce ta dace da wannan mutum, a wane tsayin sauti muryarsa ta fi daɗi, wane baiti ne ya kamata a zubar ko da mawaƙin yana ƙaunarsa, da kuma lokacin da za a ce masa ya isa haka, kada a sake. A nan ne tsohon mawaƙi irinka yake da fifikon da wanda ya fara da kwamfuta ba shi da shi, domin ka san inda numfashi ke yankewa a dogon baiti, ka san yadda gwiwa ke sanyi idan an cika ɗaki ana kallonka, ka kuma tsaya gaban taron biki ka ga daidai wurin da mata suke tashi su shiga fili da wurin da suke komawa kan kujera. Sharaɗin kawai shi ne ka iya danne sha'awar mayar da kowa kwafinka.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Ta yi aiki da Gwen Stefani a waƙar What You Waiting For? a 2004, da Alicia Keys a 2007, da Adele a 2015, da Dolly Parton a 2018. Ta kafa kamfanin Custard Records, ta ɗauki wani tsohon sojan Birtaniya mai suna James Blunt bayan ta ji shi yana waƙa a wani bikin mawaƙa a Texas, kundinsa na farko kuma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kasuwa a Birtaniya a shekarun 2000. An shigar da ita zauren karrama marubutan waƙa na Amurka a 2015, a 2019 kuma sunanta ya shiga takarar Grammy ta gwarzon furodusa, wadda mata ƙalilan ne suka taɓa shiga. Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Cathy Dennis ta Ingila ta yi tashe da muryarta a farkon shekarun 1990, daga baya ta shiga cikin waɗanda suka rubuta wa Kylie Minogue da Britney Spears manyan waƙoƙinsu.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Kowace waƙa da ka ji a waya tana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin ita waƙar kanta, wato kalmomi da kari, wanda na marubuta ne, akwai kuma haƙƙin naɗin, wato wannan sauti da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi na kamfani ne ko na wanda ya ɗauki nauyin aikin. A Amurka da Turai furodusa yakan karɓi kuɗin aiki a hannu, sannan a yanka masa ɗan kaso a cikin cinikin naɗin, galibi tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, idan kuma shi ya ƙirƙiri kiɗan da aka gina waƙar a kai sai ya shiga cikin marubuta, a salon da kiɗa ke jan ragama ma sau da yawa akan ba ɓangaren kiɗan rabi. Kason marubuci ne yake daɗewa, domin yana bin waƙar duk inda ta je da duk bakin da ta koma. Dukiyar Linda Perry a nan ta taru, kuma ta taru ne saboda a can akwai kamfanonin buga waƙa da ƙungiyoyin tattara kuɗi da suke bin kowane gidan rediyo da talabijin da kowane dandalin sauraro su karɓo.

A Legas tarihi ya bi wata hanya dabam. A shekarun 2000 kasuwar Alaba da ke Ojo ce take rarraba faifai a faɗin ƙasar nan, mawaƙi yakan kai kundinsa ga dillali a biya shi dunƙule sau ɗaya, shi kuma ya biya mai kiɗa dunƙule sau ɗaya, magana ta ƙare. Wannan al'ada ta sayar da kiɗa a wuce wurin ta rayu har bayan faifai ya mutu aka koma Boomplay da Audiomack da Spotify, inda waƙa ke ci gaba da kawo kuɗi muddin ana saurarenta. Wanda ya sayar da kiɗansa haka kamar mai bishiyar mangwaro ne da ya karɓi kuɗin 'ya'yan shekara ɗaya ya miƙa bishiyar dungurungum. Marigayi OJB Jezreel, mawaƙi kuma furodusa da ya yi aiki a Surulere, shi ne ya haɗa African Queen ta 2Face a 2004, waƙar da ta fitar da kiɗan Najeriya na zamani zuwa ƙetare, amma a 2013 sai da aka yi gangamin tara masa kuɗin dashen ƙoda, ya kuma rasu a 2016. Ita kanta waƙar an shafe shekaru ana ka-ce-na-ce a jaridu tsakanin 2Face da tsohon abokin ƙungiyarsa Blackface a kan haƙƙin rubuta ta.

Akwai kuma matsalar kunya. Mawaƙa da yawa a ƙasar nan suna ganin gazawa ce a san cewa wani ne ya rubuta musu, shi ya sa a 2017, da Teni ta bayyana cewa ita ta rubuta wa Davido waƙar Like Dat, aka yi ta surutu kamar ta tona asiri, ko da yake shi Davido bai musa ba. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi sun yaɗu ne ta bakin masu rera su a tituna da kasuwanni, ba wanda ya ce don haka sun daina zama nasa, 'yan amshin manyan makaɗan fada kuma suna ƙara wa ubangidansu baiti a tsakiyar waƙa, a finafinan Kano ma wani ne ke rerawa wani ya hau kan waƙar a gaban kyamara. Rabon aiki mun san shi tuntuni. Abin da ba mu saba ba shi ne rubuta rabon a takarda.

Doka tana gefenka fiye da yadda kake zato. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, ta ba marubucin waƙa kariya tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, naɗin sauti kuma shekara 50. Ta kuma tanadi cewa mallakar ba ta komawa hannun wani, haka ma izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya ba ya tabbata, sai da rubutu. Ma'ana, wanda ya tura maka kuɗi ta banki ka tura masa kiɗa ta WhatsApp ya samu izinin amfani da shi, amma hakan kaɗai bai mayar da shi mai kiɗan ba. Sai dai samun haƙƙi a doka dabam, iya tabbatar da shi dabam, kuma shari'a a kan irin wannan tana cin kuɗi da lokaci. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana rajistar ayyuka, ba tilas ba ce amma tana zama hujja, ƙungiyar MCSN kuma tana da lasisin tattara wa marubuta da mawaƙa kuɗinsu daga masu amfani da waƙa.

Wurin da ake asarar haƙƙi ba kotu ba ce, ɗakin naɗi ne, kuma ka san yadda daren yake. An ɗauke wuta, janareto yana ruri a bayan taga, mawaƙi ya zo da abokai uku sun cika katifa, kai ka buga kiɗan, shi ya zo da baiti biyu, ɗaya daga cikin abokan ya jefa wata jimla da kowa ya yi shewa aka mayar da ita amshi, kai kuma ka gyara karin amshin har ya zauna. Kafin asuba an gama, kowa yana murna, ba wanda yake son ɓata daɗin da maganar kaso. To a wannan lokaci ne ya kamata a yi ta, tun waƙar ba ta da daraja a idon kowa, domin ranar da ta fashe kowa zai tuna abin da ya yi ya manta abin da wasu suka yi. Takarda ɗaya ta isa: sunan waƙar, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, abin da ya yi, kason da ya samu cikin 100, da sa hannunsa, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Wanda ya jefa jimlar amshin nan ma a rubuta shi, ko da kasonsa kaɗan ne. Idan mawaƙi ya ce wannan rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi.

Sai dai ba kowace waƙa ce ta cancanci wannan wahala ba, kuma a nan kasuwarka ta bambanta da ta Linda Perry. Waƙar da aka yi wa ango da amarya da sunayensu, ko wadda aka yi wa ɗan takara, ko ta tallan shago a Mile 12, rayuwarta gajeriya ce, ba wani gidan rediyo da zai riƙa sa ta bayan shekara biyar, don haka a irinta ka karɓi cikakken kuɗinka a hannu kafin ka miƙa, kada wani ya rage maka farashi da alƙawarin kaso. Waƙar soyayya ko ta rayuwa da ba ta ɗaure da sunan kowa ba, wadda za a ɗora a dandalin sauraro, ita ce za ka iya sassauta kuɗin hannu a kanta don ka riƙe kasonka, ka kuma tabbatar an shigar da sunanka a matsayin marubuci da furodusa a lokacin da ake ɗora ta, domin gyara bayan an ɗora yana da wuya. Zamanka a Legas ma jari ne. Kana jin Hausa a gida, kana jin Yarabanci da Turancin buroka a titi, ka san sautin kalangu da goge da kakaki tun kana yaro, mawaƙan Kudu da ke son baitin Hausa mai ma'ana ko kiɗan da zai shiga Arewa kuma ba su da yawan waɗanda za su je wurinsu a Ikeja ko Lekki.

Game da tsohuwar waƙarka ta biki, idan ba ka taɓa sa hannu a wata takarda ka sallama ta ba, kalmominta da karinta suna nan a matsayin naka. Ka bincika ko wani ya ɗora ta a YouTube ko Audiomack da sunansa, ka tattara duk abin da ke nuna lokacin da ka yi ta, sannan ka nemi lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka ya duba maka matsayin naɗin, domin shi yana iya kasancewa na wanda ya biya kuɗin situdiyo a wancan lokaci. Idan haka ne, ba abin da zai hana ka sake naɗa ta sabuwa da muryar ɗaya daga cikin yaran da ke zuwa ɗakinka.